Tambayi Likita: "Sun ce za su yanko naman cinyarsa su gyara masa baki"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon tambayoyin da suka taru a wajena kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato irin tiyatar nan da ake ɗauko nama ko ƙashi daga wani sashe na jikin mutum a je a gyara masa baki ko muƙamuƙi ko hanci ko maƙogwaro. Na haɗa su wuri guda, wasu na ɗan rage musu tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita dan Allah ka taimaka min da bayani, wallahi kaina ya kulle. Babanmu ne aka gano yana da kansa, wato ciwon daji, a gefen harshe, wata biyar kenan yana fama da wani gyambo muna ta saka magani muna zaton haƙori ne ke gurzar wurin. Yanzu likitoci sun ce sai an yanke kusan rabin harshen da wani sashe na ƙasan bakin, sannan wai za su yanko fata daga hannunsa ko cinyarsa su cike gurbin. Ni abin da na kasa ganewa, naman da aka yanke aka raba shi da jiki ai ya mutu, ta yaya zai rayu a cikin baki ga miyau ga komai? Ko dai lallashinmu kawai suke yi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ba lallashinku suke ba 'yar uwa, aikin gaske ne, kuma tambayar taki ta sauka daidai kan abin da duk aikin ya rataya a kansa, wato jini. Abin da ke kashe nama shi ne jini ya daina zuwa masa ya daɗe a haka. To su likitocin ba yanko naman kawai za su yi su taho ba, za su bi shi ne a hankali su tono shi tare da jijiyar da ke kawo masa jini da kuma wadda ke kwashe jinin ta mayar, kamar yadda mai dashe ke ciro shuka da saiwarta. Irin wannan nama mai tafiya da jijiyoyinsa shi likitoci ke ce wa filaf, za ki yi ta jin kalmar a bakinsu.

Dama a irin ciwon Baba galibi sai an buɗe wuya don a kwashe kaluluwa, saboda nan ne kansar baki ke fara yaɗuwa. To a nan wuyan za su nemo ƙaramar jijiya mai kai jini da mai dawo da shi, su jona su da na naman da aka kawo. Jijiyoyin nan faɗinsu bai wuce milimita 2 ko 3 ba, wani lokacin ma bai kai ba, shi ya sa da maikuroskof, wato na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, ake ɗinkin, da zaren da ya fi gashin kai siranta, a bi bakin jijiyar a zagaye da ɗinki kamar takwas ko goma. Tsakanin yanke jijiyar a hannu da jona ta a wuya yawanci awa ɗaya ne zuwa biyu, fata kuma tana iya jure wannan. Da an gama sai a cire ɗan abin da aka matse jijiyar da shi, kowa a ɗakin ya yi shiru ya zuba ido. Naman da yake kwance fayau ba jini sai ki ga ya fara cikowa, gefunansa suna tsattsafo da jan jini ɗigo-ɗigo. Duk yawan ganin da mutum ya yi wa wannan abin ba ya daina sanyaya masa rai.

Ki bambance shi da dashen fata na yau da kullum wanda ake yi wa masu ƙuna, inda ake fere fata siririya a shimfiɗa a kan miki. Ita wannan ba ta zuwa da jijiya, daga mikin take tsotsar abin da za ta rayu da shi har ƙananan jijiyoyi su shige ta cikin 'yan kwanaki, don haka ba ta kamawa a kan ƙashi tsirara, ba ta cike rami, kuma tana takurewa in ta warke. Akwai kuma na tsakiya, wanda ake juyo nama daga kusa ba tare da an yanke jijiyarsa ba, misali tsokar ƙirji da ake ɗagowa a bi da ita ta ƙarƙashin fatar wuya zuwa baki. Wani likita a Amurka, Stephan Ariyan, shi ya fito da wannan a 1979, har gobe kuma ana yin sa, musamman ga wanda jikinsa ba zai ɗauki doguwar tiyata ba ko inda ba maikuroskof. Na hannun da aka faɗa muku likitocin ƙasar Sin ne suka fito da shi, an wallafa shi a 1981, na cinyar ma daga can ne a 1984.

Na hannu fatarsa siririya ce mai laushi, tana lanƙwasuwa yadda ake so a cikin baki, amma yana barin tabo a fili saman tsintsiyar hannu don sai an rufe wurin da dashen fata, kuma kafin a taɓa shi sai an gwada a ga ko ɗaya jijiyar da za ta rage za ta wadaci tafin hannu. Za ki ga likita ya sa Baba ya dunƙule hannu, ya danne jijiyoyin biyu, ya saki ɗaya yana kallon yadda jini ke dawowa. Na cinya ya fi girma, wurin kuma galibi ana ɗinke shi layi ɗaya wando ya rufe, sai dai ga mai ƙiba yakan yi kauri da yawa. Su za su zaɓa gwargwadon girman ramin.

Wataƙila ki ce me ya sa ba za a ɗinke abin da ya rage ba kawai a huta. In ramin ƙarami ne haka ake yi. In babba ne kuwa aka ja aka ɗinke, sauran harshen zai ɗaure a ƙasan baki, magana ba ta fita, haɗiya ta gagara, sannan ga haɗarin miyau ya riƙa yoyo zuwa cikin wuya inda manyan jijiyoyi suke, wannan kam ba abin wasa ba ne. Amma bari in faɗa miki gaskiya tun yanzu don kar ku sha mamaki: sabon naman ba harshe ba ne, ba ya motsi da kansa, ba ya jin ɗanɗano. Ragowar harshen ne zai riƙa tura shi. Maganar Baba za ta canza, wasu haruffan kamar r da s za su ba shi wuya, sai ya zauna da masu koyar da magana da haɗiya. Da yawan waɗanda aka cire wa rabin harshe suna komawa cin abinci ta baki, ana kuma gane maganarsu.

A asibitocin da suka saba da aikin, sama da 95 cikin 100 na irin wannan dashen yana kamawa. Ku tambaye su kai tsaye ba kunya: sau nawa suke yin sa a shekara, wa zai riƙa duba naman da dare, in bai kama ba mene ne shiri na biyu. Sannan dan Allah kar a ƙara ɓata lokaci. Wata biyar sun riga sun tafi, kansar harshe kuma ba ta jira. Masu karatu, duk gyambon baki da ya wuce sati uku bai warke ba, ko dishewar murya, ko ƙullutu a wuya da ya kai haka, a je a duba.

Tambaya: Likita ni saurayi ne shekarata 27, ina da wani ƙari a muƙamuƙin ƙasa da ya kumbura min fuska, sun ce amelobilastoma ne ba kansa ba. An taɓa kankare min shi shekara uku da suka wuce ya dawo. Yanzu wai sai an yanke ƙashin a ɗauko na ƙafata a saka. Tsorona kar in je neman gyaran fuska in dawo gurgu, aikina na tsayuwa ne da yawo.

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan uwa, tsoron nan kusan kowa da shi yake zuwa. Tsakanin gwiwa da idon sawu ƙashi biyu ne. Akwai babban, ƙwaurin da kake taɓawa ta gaba, shi ke ɗauke da kusan duk nauyinka. Sai wani siriri ta gefen waje da ake kira fibula, abin da yake ɗauka kaɗan ne, in ya yi yawa kashi ɗaya cikin shida. Shi za a ɗauka, kuma ba duka ba, ana barin kamar santimita 6 zuwa 8 ta ƙasa don idon sawu ya tsaya daram, a bar wani ta sama saboda gwiwa da wata jijiyar motsi da ke zagaye wurin. A tsakani ana iya samun ƙashi har wajen santimita 25 a babban mutum, wanda ya isa ya maye mafi yawan muƙamuƙi. Ian Taylor na Ostireliya ne ya fara ɗaukar ƙashin nan da jijiyarsa a 1975 don gyaran ƙafa, sai a 1989 David Hidalgo a Amurka ya nuna za a iya yin muƙamuƙi da shi.

Abin sha'awar shi ne ƙashin miƙaƙƙe ne sambal, muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe, to sai a daddatsa shi gida biyu ko uku ba tare da an raba shi da jijiyar da ke bin bayansa ba, a karya kwana a kowace gaɓa, a ɗaure da ƙarfen titaniyom da ƙananan sukurori. Wasu asibitocin yanzu tun kafin ranar aiki sun gama tsara yankan a kwamfuta daga hoton sikanin, har su buga ma'aunin da za a ɗora a kan ƙashin a yanka daidai. Da yake ƙashi ne mai rai yana haɗewa da ragowar muƙamuƙinka kamar yadda karaya ke haɗewa, daga baya ma ana iya dasa haƙora a cikinsa. Ƙarfe shi kaɗai ba ƙashi, musamman ta gaban haɓa, yakan karye ko ya huda fata ya fito, shi ya sa ba a son sa ga matashi irinka.

Kafin aiki za su duba jijiyoyin ƙafarka, don akwai 'yan tsiraru da jijiyar da za a ɗauka ita ce babbar mai ciyar da tafin ƙafarsu, irin waɗannan sai a koma ƙashin ƙugu ko na allon kafaɗa. Bayan aiki cikin 'yan kwanaki za a tashe ka ka fara takawa da takalmin tallafi da sanda, cikin 'yan makonni ka ajiye sandar. Wasu idon sawun kan ɗan yi musu tauri, wasu babban ɗan yatsa ya ɗan lanƙwashe ko ya rage ƙarfi, wasu su ji gefen ƙafar ya yi dundurus ba ya jin taɓi sosai, shi ya sa motsa ƙafar da masu gashin ƙashi za su koya maka ba abin sakaci ba ne. Gurguntaka dai ba ita ake tsammani ba.

Shi kuma ƙarin, dawowar da ya yi halinsa ne. Ba ya yaɗuwa jiki kamar kansa amma yana kutsawa cikin ƙashi fiye da inda ido ke gani, in aka kankare kawai sai ya sake tohowa. Ni ina ganin shawarar da suka ba ka ita ce daidai, kuma gara yanzu da ɓangare ɗaya ne.

Tambaya: Mahaifiyata ce za a yi wa aikin kuma ta tsufa ga rama. Ba za a iya yankar nawa naman a saka mata ba? Na yarda wallahi ko nawa ne.

Amsa: Allah ya yi miki albarka, ya saka miki da 'ya'ya masu jin ƙanki. Amma ba zai yiwu ba. Garkuwar jikin Mama za ta ɗauki namanki a matsayin baƙo ta kashe shi cikin sati ɗaya zuwa biyu, sai fa in za a ɗora ta kan magungunan danne garkuwa har ƙarshen rayuwa kamar masu dashen ƙoda, ga mai ciwon daji kuwa wannan buɗe wa ciwon ƙofa ne. Dashen fuska daga wani mutum akwai shi, an fara a Faransa a 2005, amma 'yan ƙalilan ne a duk duniya aka yi wa, masu raunin da ba wata hanya. Daɗin naman mutum na kansa ke nan, jiki ba ya ƙin sa, ba wani magani na har abada. Inda za ki taimaka mata sosai shi ne ramar nan. Jikin da ba abinci ba ya haɗe ɗinki, ki tambayi likitocinta yadda za a gina ta kafin ranar aiki, in haɗiya ce ke ba ta wuya kar ku ƙi robar abinci in sun kawo shawararta.

Tambaya: Likita an yi wa maigidana aikin shekaranjiya, awa goma sha ɗaya yana ciki. Yanzu ga roba a maƙogwaro ga wata a hanci ba ya magana, kuma nas-nas ba sa barin shi ya runtsa, duk bayan awa sai an zo an haska masa tocila a baki, har allura na ga ana tsira wa wurin. An hana shi filo, an hana ni ɗaura masa komai a wuya. Ni dai na ga kamar wahalar ta yi yawa, ko wani abu ne ya lalace ba sa son faɗa min?

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ke ma ya ba ki ladan jinya. Abin da kika lissafa ɗin nan shi ne alamar yana hannun mutanen da suka san aikinsu. Da kin ce min ba wanda ke leƙo shi sai da safe, da hankalina ya tashi.

Duk rayuwar naman nan yanzu a kan 'yan jijiyoyin da aka ɗinka take, kuma in jini zai daskare ya toshe su, mafi yawa a kwana biyu zuwa uku na farko yake faruwa, an fi samu kuma a jijiyar da ke fitar da jinin. In aka gane da wuri aka koma tiyata nan take, sau da yawa ana ceto shi. In aka bari awanni suka wuce shi ke nan ya tafi. Shi ya sa kowace awa. Nas za ta duba launinsa, ta taɓa ta ji ɗuminsa da laushinsa, ta danna da yatsa ta saki ta ga yadda jini ke dawowa. Ga mai duhun fata launi ba ya saurin nunawa, to a nan allurar ke da amfani, kuma ba ya jin zafinta don naman bai da jijiyar ji tukunna. In jan jini garau ya fito bayan 'yan daƙiƙu, lafiya lau. In baƙin jini ya yi saurin bulbulowa, jini na shiga ba ya fita. In ba abin da ya fito, ba ya shiga ke nan. Akwai kuma wata 'yar na'ura kamar biro da ake ɗorawa a wurin, Dofla, za ki ji tana shuu, shuu, shuu daidai da bugun zuciyarsa. Ki roƙi nas ta bari ki saurara sau ɗaya, za ki samu natsuwa.

Hana filo da hana ɗaure wuya duk don kar jijiyar ta lanƙwashe ko ta matsu ne, ko igiyar da ke riƙe robar maƙogwaro ma akan guje ta a ɗinke robar da fata. Ita robar an sa ta ne don kumburin baki kar ya toshe masa numfashi, yawanci ta wucin gadi ce, in kumburi ya saɓe a cire, ramin ya rufe da kansa, murya ta dawo. Ta hancin kuma abinci ake ba shi ta nan har ɗinkin baki ya haɗe, sati ɗaya zuwa biyu, ya fi haka in an taɓa yi masa rediyoterafi, wato gasa ciwon daji da hasken na'ura, a wurin. Kar a ba shi ko ruwa ta baki sai sun ce, komai tausayin da ya ba ki. Ki samo masa takarda da biro ko allo, rashin iya faɗin abin da ke damun mutum ya fi ciwon cin rai a kwanakin nan.

Wani abu kuma da zan faɗa don kar ki firgita in kin gani ko kin ji: wani lokaci in jini ya taru a nama ya ƙi fita kuma ba jijiyar da za a gyara, akan ɗora matsattsaku. E, matsattsaku dai da kika sani, amma na asibiti da ake kiwo musamman. Yana tsotse jinin da ya taru, miyaunsa kuma na hana jini daskarewa, a haɗa wa mara lafiya da maganin kashe ƙwayoyin cuta. An fi yin haka a kunne ko leɓe ko fatar waje. Bayan kwana uku za ki ga an fara tsawaita lokacin dubawar, in aka haura sati kuwa hankali ya fara kwanciya sosai.

Tambaya: Wata takwas da yi min aiki da naman cinya, yanzu gashi ne ke tsirowa a cikin bakina. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Lafiya kuwa?

Amsa: Lafiya ƙalau Malam, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba abin kunya a ciki. Fatar cinya ce, ta zo da saiwar gashinta, ba ta san ta canza gida ba. Tsirowar ma shaida ce tana samun jini. Waɗanda aka yi wa rediyoterafi bayan aiki galibi gashin kan mutu da kansa. Ka faɗa wa likitanka, ana rage shi da almakashi a asibiti ko a kashe saiwar da hasken leza. Kar ka sa reza ko man cire gashi a baki, kuma ka kula da wanke wurin don abinci na maƙalewa.

Tambaya: Ƙanena ya rasa kan hancinsa a hatsarin mota. An yi masa aikin farko, amma abin da muka gani ya tayar mana da hankali, wani nama ne ya taho daga goshinsa ya sauko kan hancin kamar gada. Haka zai zauna?

Amsa: A'a, ba haka zai zauna ba. Gadar nan ita ke ɗauke da jijiyar da ke ciyar da fatar, wadda ta taso daga wajen girar ido. Ana barin ta kamar sati uku har fatar ta kama jini daga sabon wurinta, sannan a koma a datse a gyara gira, wani lokacin a ƙara aiki na uku don a rage kauri a fito da siffar hancin. Fatar goshi ita ta fi kowace kama da ta hanci a launi da kauri, shi ya sa har yau ba a samu abin da ya kore ta ba duk da tsufan dabarar. A Indiya aka san ta tun ɗaruruwan shekaru, labarinta ya isa Ingila a wata mujalla a 1794, Joseph Carpue ya gwada ta a Landan a 1814. A Italiya kuwa Gaspare Tagliacozzi ya rubuta tasa hanyar a 1597, shi da fatar damtse yake yi, a ɗaure hannun mutum a jikin kansa na makonni har ta kama. Ƙanenku dai sati ukun nan ne masu nauyi, zai so ya ɓuya daga mutane, ku zauna da shi. Ku kula kar ya sa tabarau ya danne gadar, kar kuma ya kusanci sigari.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina shan sigari shekara talatin, shekarata 68. Likita ya ce sai na daina sigari kafin ya taɓa ni. Kwana nawa ya rage min da zan wahalar da kaina?

Amsa: Baba, da girmanka, amma a nan ina bayan likitanka ɗari bisa ɗari. Shekaru su kaɗai ba sa hana wannan aikin, ana yi wa waɗanda suka girme ka, abin da ake dubawa shi ne ƙarfin zuciya da huhu, ko za su ɗauki awa takwas ko goma a ƙarƙashin allurar barci. Sugar ma in an saita ta ana aiki. Sigari kuwa tana tsuke ƙananan jijiyoyi, hayaƙinta na rage iskar da jini ke ɗauka, sai ɗinki ya ɓalle, miki ya ƙi warkewa, wurin da aka ɗebo naman ma ya zama wani ciwon, ga tari da ciwon huhu bayan aiki. Sati huɗu ake so ko fiye, amma in kansa ce ba za a jira ba, ko yau ka ajiye ka ci riba. Kuma wanda ya ci gaba da sha bayan an cire masa kansar baki ko maƙogwaro ya fi shiga haɗarin wata sabuwa ta fito. Ka ce wa likitan ya taimaka maka da hanyar dainawa, akwai magunguna, shekara talatin ba a yar da ita da ƙarfin hali kawai. Taba ta hanci ko ta leɓe da giya duk su ma a ajiye.

Tambaya: Likita ni tun ina 'yar shekara huɗu cutar noma ta cinye min kunci ɗaya da gefen leɓe. Yanzu shekarata 24, bakina ba ya buɗuwa sai kaɗan, ta gefe nake tura abinci, kullum fuskata a rufe. Na ji ana gyarawa amma wasu sun ce na makara tunda na girma. In aka yi min fuskata za ta dawo kamar ta kowa?

Amsa: Ƙanwata, na karanta saƙonki ya fi sau uku. Ba ki makara ba, ko kaɗan. Hasali ma manyan ayyukan gyara irin naki sun fi sauƙin tsarawa ga wanda ya gama girma, don ƙashin fuska ya tsaya, jijiyoyi sun yi kauri, kuma ke da kanki za ki iya yin atisayen da ake buƙata. Cutar nan tana kama yara ne galibi 'yan shekara 2 zuwa 6 da rashin abinci mai gina jiki ko ƙyanda suka raunana, ta fara da ɗan gyambo a dasashi ta ci kunci cikin kwanaki, mafi yawan waɗanda ba su samu magani ba ba sa tsira. Ke kin tsira. Ba laifinki ba ne, ba na iyayenki ba, ba kuma wanda zai ɗauka daga wurinki. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, don a ƙara mai da hankali a kanta.

Abin da za a fara shi ne buɗe bakin. Tabon da ciwon ya bari ya ɗaure muƙamuƙin sama da na ƙasa, wani lokacin har ƙashi ne ya tsiro ya haɗe su, sai an yi hoton sikanin a gani. Za a yanke wannan ɗaurin, da an yanke kuma ramin zai bayyana ya fi yadda kike ganinsa girma, don tabon ne ya tattare shi. A nan dashen nama ke shigowa, kuma kunci fuska biyu gare shi, ta ciki da ta waje, dole a samar da duka biyun, ko a ninka nama ɗaya ko a haɗa biyu. In aka bar cikin ba shimfiɗa zai sake takurewa bakin ya koma ya rufe. Ko an yi komai daidai ma, atisayen buɗe baki kullum na watanni shi ke riƙe nasarar, da zafi, kuma a nan mutane da yawa ke sarewa. Ki shirya wa wannan tun yanzu.

Kin tambaye ni ko za ta dawo kamar ta kowa, ba zan yi miki ƙarya ba. Za a ga an yi aiki. Launin sabon naman zai ɗan bambanta, da farko zai yi tudu sai an rage shi daga baya, akwai layin ɗinki, kuma in jikinki mai yin tabo mai kumburi ne ki faɗa musu tun farko. Da wuya a gama a aiki ɗaya, biyu ko uku ne ko fiye, da watanni a tsakani. Abin da nake sa miki rai da shi shi ne ramin ya rufe, miyau ya daina zuba, ki buɗe baki ki sa cokali ta gaba, ki wanke haƙoranki na ciki, maganarki ta ƙara fita. Ki nemi asibitin da ke da likitocin tiyatar fuska da muƙamuƙi ko na gyaran jiki waɗanda suka taɓa yin aikin noma, don sa wa mai rufaffen baki allurar barci ma sai wanda ya ƙware, ta hanci ake bi da kyamara siririya a saka robar numfashi. Ranar da za ki je ki tafi da wani naki da zai taya ki saurare, ki kuma roƙe su su nuna miki hotunan waɗanda suka yi wa aiki shekara guda bayan an gama, ba na satin farko ba.